Sanyin da Ya Ƙi Jin Magani: Amsa ga Maman Ilham

TAMBAYA

Hajiya Likita, ni matar aure ce, shekarata 29, 'ya'yana uku, yanzu kuma ina da ciki wata biyar. Kusan shekara biyu ke nan ina fama da sanyi. Ruwa ne yake fita ta gabana, wani lokacin ruwan ɗorawa, mai kumfa da ƙarni, ga ƙaiƙayi, ga zafi idan na yi fitsari. Na sha magungunan kemis, na saka farin maganin nan da ake sakawa da dare, na sha na gargajiya har na gaji. Sai ya lafa, kwana biyu ya dawo. Makon jiya da na je awo aka ɗebi ruwan aka kai lab, aka ce an ga wata ƙwayar cuta wai ita tirikomonas. Nas ɗin ta ce ta hanyar saduwa ake ɗaukarta, kuma dole maigidana ya sha magani, har da abokiyar zamana. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Maigida ya ce shi lafiyarsa ƙalau, a ban-ɗaki na kwaso. Abokiyar zamana kuwa ban san ta inda zan ɓullo mata ba. Don Allah, cutar za ta taɓa abin da ke cikina? Maganin ba zai zubar mini da ciki ba? Har yanzu yana cikin jakata, na kasa sha. Kuma wannan yana nufin maigidana yana neman mata ne?

Maman Ilham, daga Funtuwa

AMSA

Sannu da fama, sannu da nauyin jiki, Allah ya raba lafiya. Sau biyu na karanta wasiƙarki. Tambaya uku kika jero: ko cutar za ta taɓa ɗan da ke cikinki, ko maganin zai zubar da shi, da kuma ko ganin wannan ƙwaya a jikinki yana nufin maigida yana bin waje. Akwai ta huɗu wadda ba ki sa ta a jerin ba, amma ita ce ta fi nauyi, wato yadda za a yi mutum uku da ke gida ɗaya su sha magani lokaci guda, alhali biyu daga cikinsu ba su ce suna ciwo ba.

Bari in fara da abin da zai sa ki runtsa yau da dare. Cutar nan tana warkewa sarai. Maganinta mai araha ne, yana nan a kowane asibiti, kuma shi ne yake kwance a jakarki yanzu haka. Ba ta shiga jini, ba ta nakasa halittar jariri, kuma yawancin matan da suka ɗauki ciki da ita suna haihuwa lafiya a kan lokaci. Ba ke kaɗai ba ce kuma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai an samu sabon kamu miliyan 156 a tsakanin masu shekara 15 zuwa 49. A cikin cututtukan saduwa da ake iya warkarwa, babu wadda ta kai ta yawa.

Abin da ya sa kika yi shekara biyu kina wahala, 'yata, kalmar nan ce "sanyi". Mun mai da ita buhu, komai muka samu sai mu cusa a ciki. Ƙaiƙayi sanyi ne, fitar ruwa sanyi ne, ciwon mara sanyi ne, zafin fitsari sanyi ne, har rashin haihuwa. A wajen likita kuwa waɗannan cututtuka ne daban-daban, kowace da abin da yake kawo ta da abin da yake kashe ta. Akwai mai fitar da farin abu mai kauri kamar kindirmo, tare da ƙaiƙayi mai tsanani. Wannan yis ne, kuma shi farin maganin da kika riƙa sakawa da dare yake kashewa. Akwai mai fitar da ruwa mai tsinkewa, ruwan toka, da ƙarni kamar na kifi, wanda yake zuwa idan ƙwayoyin da ke tsare gaban mace suka rikice. Akwai ainihin ciwon sanyi na da, mai mugunya. Sannan ga taki. Ido kaɗai ba ya iya rarrabe su ko da yaushe, ko idon likita ne, balle mai kemis da bai ga komai ba sai bayanin da aka yi masa a tsaye.

Ita tirikomonas 'yar halitta ce mai rai, ƙarama ƙwarai, dangin irin ƙwayoyin da suke kawo zazzaɓin cizon sauro da atini. Shi ya sa su Ampiclox ba sa yi mata komai, ko kwali nawa aka sha. Wani likita ɗan Faransa, Alfred Donné, shi ya fara ganin ta a 1836 a birnin Faris. Da zan iya, da na kai ki ɗakin gwaji kin leƙa madubin likita da idonki. Ana ɗiga ruwan a kan ɗan gilashi, a haɗa da ɗigon ruwan gishiri, a duba tun bai huce ba. Sai ki ga wata aba mai siffar ƙwai, da 'yan gashi huɗu a goshi tana kaɗa su, tana zillo, tana juyi a wuri ɗaya kamar kazar da aka ɗaure wa ƙafa. In aka bar gilashin ya jima a kan tebur, motsin ya tsaya, mai dubawa ya kasa bambanta ta da sauran tarkacen da ke wurin. Don haka ma ina ganin kin yi sa'a da aka kama ta, domin wannan gwajin yakan kuskure kusan rabin masu ɗauke da ita.

Zamanta a farji ne da bakin mahaifa da hanyar fitsari. Tana manne wa fatar wurin, ta riƙa cin ta, wurin ya kumbura ya yi ja, ya yi 'yan ƙananan raunuka waɗanda ido ba ya gani. Ƙaiƙayin da zafin da kike ji daga nan suke. Duk haɗarin da zan lissafa miki kuma daga wannan kumburi da waɗannan raunuka yake tasowa.

To, mu zo kan cikinki. Ba zan ɓoye miki ba, mai ciki da ke ɗauke da wannan cuta ta fi wadda ba ta da ita yiwuwar abu uku: faya ta fashe tun naƙuda ba ta zo ba, ko ta haifi bakwaini, wato kafin ciki ya cika mako 37, ko ta haifi jariri mai nauyin da bai kai kilo biyu da rabi ba. Dalili shi ne kumburin da ke bakin mahaifa yana iya raunana fatar da ta lulluɓe jariri, yana kuma iya tayar da naƙuda kafin lokacinta. Ki lura da kyau, cewa na yi ta fi yiwuwa, ban ce dole ba. Jefi-jefi kuma jaririya takan ɗauki ƙwayar a lokacin fitowa, a ga ruwa yana fita ta gabanta ko numfashinta ya ɗan samu matsala, wannan ma ana maganinsa.

Maganin zai kashe ƙwayar, ya kwantar da kumburin, amma ba zai ɗauke miki zuwa awo ba. Daga yau har ki haihu, idan kika ga ruwa yana zuba kamar fitsarin da ba ki iya riƙewa, ko jini, ko mara da baya suna ɗaurewa suna saki a kai a kai, ko zazzaɓi, ko kika ji motsin ɗan ya ragu, kada ki jira ranar awo, kada ki jira gari ya waye. Ki tafi asibiti a lokacin. Ki faɗa wa maigida wannan tun yanzu, don kada ranar ta zo a tsaya neman izini ko neman abin hawa.

Sai maganar maganin da kika ajiye a jaka. A jikin kwalin za ki ga an rubuta metronidazole, wanda kowa ya fi sani da Flagyl. Mutanenmu sun ɗauke shi maganin gudawa, amma asalinsa domin wannan cuta taki aka ƙirƙiro shi a Faransa wajajen 1960, daga baya aka gano yana wasu ayyukan. Sama da shekara sittin ke nan ana ba masu ciki shi, an bibiyi dubban haihuwa, ba a tabbatar yana zubar da ciki ko nakasa jariri ba. Mai ciki da take da alamun cutar, kamar ke, ana yi mata magani ko cikin wata nawa ne. Ki ciro shi ki fara sha. Akwai ɗan'uwansa, tinidazole, wanda shi ma yana kashe ƙwayar, amma shi ana kauce masa ga mai ciki, don haka kada wani ya musanya miki a kemis.

Ga mace, abin da aka fi so yanzu shi ne miligiram 400 ko 500, safe da yamma, kwana bakwai cur. A da, ƙwayoyi da yawa ake haɗawa a ba mace ta shanye lokaci guda. Wani bincike da aka yi a Amurka, aka wallafa a 2018, ya nuna cewa a cikin matan da suka sha na lokaci guda, kashi 19 cikin 100 an sake samun ƙwayar a jikinsu, a cikin waɗanda suka yi kwana bakwai kuwa kashi 11 ne. Wannan ya sa hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta sauya shawararta a 2021. Namiji shi galibi giram 2 ake ba shi ya sha gaba ɗaya. Ki bi abin da aka rubuta miki a asibiti, su suka gan ki.

Zai sa miki ɗaci a baki, kamar kin tsotsi ƙarfe. Yana iya tayar miki da zuciya, fitsari ma ya ɗan yi duhu. Duk wannan ba abin tsoro ba ne. Ki sha bayan kin ci abinci, ko da kunu ne mai kauri. A rana ta uku za ki ji ƙaiƙayin ya tafi, ruwan ya ragu, zuciya ta ce miki ai an warke, a ajiye sauran don gaba. Nan ne mata da yawa suke faɗuwa. Ina kyautata zaton cikin magungunan kemis da kika sha a shekara biyun nan akwai Flagyl ɗin, ƙwaya biyu yau, biyu gobe, ya daki cutar ta kwanta, bai kashe ta ba. Idan kuwa kika ga ƙuraje sun feso, ko fuska ta kumbura, ko amai ya hana maganin zama, ki koma asibiti. Ga sauran masu karatu: takardar maganin tana gargaɗi a kan haɗa shi da barasa, har da jiƙe-jiƙen da ake yi da ita, kuma mai shan maganin tsinka jini ko na farfaɗiya ya gaya wa likita kafin a rubuta masa.

Yanzu ga tambayar da na san ita ta fi hana ki barci. Gaskiyar nas ɗin ce, hanyar saduwa ita ce hanyar wannan cuta. Amma ƙwayar ba ta zuwa da kwanan wata a goshinta. Kusan mutum bakwai cikin goma da suke ɗauke da ita ba sa jin komai. Masu jin alamu, wasu cikin kwana 5 zuwa 28 suke fara ji, wasu sai an jima ƙwarai. A jikin mace tana iya zama watanni, har shekaru, shiru. To ki duba gida irin namu. Miji yana da mata biyu ko uku. Wataƙila ya taɓa auren wata suka rabu. Wataƙila ɗaya daga cikin matan bazawara ce, ta fito daga gidan wani mai mata uku, su ma kowace da tarihin aurenta. Duk ta hanyar aure na halal ƙwayar za ta iya ratsa gida biyar ba tare da kowa ya saɓa wa Allah ba.

Ba ni da hurumin wanke maigidanki, ba ni kuma da hurumin ɗaure shi. Ke kika san mijinki, ni ban san shi ba. Abin da zan iya faɗa a matsayina na likita shi ne takardar lab ba shaidar zina ba ce, a kansa ko a kanki ko a kan abokiyar zamanki. Ba ta nuna wanda ya fara kawowa, ba ta nuna yaushe. Na ga auren da ya mutu a kan irin wannan takarda, na kuma ga matar da aka yi wa ƙazafi a gidan miji saboda ita ce ta fara zuwa asibiti, alhali laifinta kawai jikinta ne ya fara nunawa. In kina da wasu dalilai na zargi, wannan magana ce ta daban, da lokacinta da mutanen da ake kai wa. Kada ki haɗa ta da maganar magani, domin ranar da aka haɗa su, maganin ne zai sha kashi.

Maganar ban-ɗaki kuma, wadda maigida ya kawo, kusan kowane gida ita ake faɗa. Ƙwayar nan ba ta jure bushewa, da ta bar jiki ta rasa danshi sai ta mutu. Masan tsugunno da yawancinmu muke amfani da shi ma jiki ba ya taɓa shi. An dai samu 'yan lokuta da ake ganin ta wuce ta jiƙaƙƙen tawul ko ruwan wanka da aka yi tarayya a kai. A garin Ndola na ƙasar Zambiya an taɓa samun ta a jikin 'yan mata 'yan makaranta da suka ce ba su taɓa sanin namiji ba, masu binciken suka danganta abin da yanayin wanka. Saboda haka kowa ya riƙe tawul ɗinsa da sosonsa. Amma ga matan aure, ta shimfiɗa take zuwa. Shawarata ita ce kada ki tsaya gardamar ban-ɗaki da shi. Ki ce masa: "Ko daga ina ta zo, yanzu dai tana tsakaninmu, kuma likita ta ce in ba mu sha tare ba za ta dawo mini, ga ciki." Ba ki ce ya yi ƙarya ba, ba ki ce ya yi laifi ba, kin kuma ba shi ƙofar da zai shiga da girmansa.

Da ya ce lafiyarsa ƙalau, mai yiwuwa gaskiya yake faɗa gwargwadon abin da yake ji. Yawancin maza ba sa jin komai. Wasu sukan ji ɗan ƙaiƙayi a cikin mazakuta, ko zafi bayan fitsari ko bayan inzali, ko su ga ɗan ruwa da safe, kwana biyu ya wuce su manta. Amma ƙwayar tana nan a hanyar fitsari, tana fita tare da maniyyi. Shi ma kuma ba a banza take zaune a jikinsa ba, tana iya kumbura hanyar fitsarin, ta gangara jijiyoyin maraina, ko ta taɓa ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsara da ake kira furostet. An kuma ga tana rage kuzarin maniyyi. Idan ya ce sai an gwada shi tukuna, ki sani madubin likita ba kasafai yake kama ta a jikin namiji ba. Ko gwaji ya ce babu, ƙa'ida ita ce mijin mai cutar ya sha magani.

Bari in ba ki labarin wani kuskure nawa. Shekarun baya, a wani asibiti da na yi aiki, wata baiwar Allah ta zo mini sau huɗu cikin shekara guda da wannan cuta. Kullum in duba, in ga ƙwayar, in rubuta mata magani, in rubuta na mijinta in ba ta ta kai masa. Ta ce yana sha, kuma na yarda da ita. A zuwa na huɗu har na fara tunanin ko ƙwayar ta daina jin magani ne. Wata tsohuwar ungozoma da muke aiki tare tana gefe tana naɗe auduga, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ke 'yar nan, ku nawa ne a wurinsa?" Matar ta ce su uku ne. Kunya ta kama ni. Shekara guda ina maganin mutum biyu a gidan mutum huɗu. Mijin yakan sha maganin ranar girkin wannan, jibi ya koma ɗakin ta biyu ya sake kwasowa, ya kai wa ta uku, kwana ya zagayo ya dawo wa mai zuwa asibiti da ita. Ƙwayar rabon kwana take bi, ba ta tsallake ɗaki. Da muka kira mijin, muka yi wa su huɗun magani a mako guda, ban sake ganin matar ba sai da ta zo haihuwa.

Don haka abokiyar zamanki tana cikin wannan magana, ko tana jin alamu ko ba ta ji. Amma ba ke ya kamata ki kai mata ba. Duk yadda kuke zaman lafiya, in daga bakinki ta fito za a iya jin ta a matsayin gori ko zargi. Nauyin maigida ne. In ya ga abin ya yi masa nauyi, ki roƙi nas ɗin ta rubuta 'yar takarda cewa ana son ganin maigida da iyalinsa, su yi musu bayani da kansu. Ma'aikatan awo sun saba da wannan. Ita ma ta je da ƙafarta a duba ta, ta faɗi ko tana da ciki ko tana shayarwa, a rubuta mata nata. Kada ki raba naki biyu ki ba ta, ku duka za ku tashi a tutar babu. In kuma zuciya ta raya miki cewa ina ruwanki da lafiyar kishiya, ki tuna ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma a wannan karon warkewarki a hannunta take, tata ma a hannunki.

Ku fara a mako ɗaya. Sannan a dakata da shimfiɗa a ɗakunan duka biyu har kowa ya gama nasa, alamu sun ɗauke, shi maigida kuma ya cika mako guda da shan nasa. Rabon kwana da girki su ci gaba yadda suke, saduwar ce kawai za a jinkirta. Idan haƙurin ya gagara, kwaroron roba yana rage haɗari sosai in an sa shi tun daga farko, amma haƙurin ya fi.

Akwai haɗarin da ya wuce na ciki, kuma saboda shi ne ba na son mace ta zauna da wannan cuta tana cewa ai ɗan sanyi ne. Raunukan nan da na ambata ƙofa ce. Inda kumburi yake kuma, nan sojojin jini suke taruwa, su ne kuwa ƙwayar ƙanjamau take nema ta shiga. Macen da ke da tirikomonas, idan ta sadu da mai ƙanjamau, yiwuwar ta kamu ta ninka ta wadda ba ta da ita kusan sau ɗaya da rabi. Wadda take da ƙanjamau tun farko kuma, cutar tana ƙara yawan ƙwayar a ruwan gabanta, mijinta ya fi shiga haɗari. Ba don in tsorata ki na kawo wannan ba. Cututtukan saduwa sukan yi tafiya tare, shi ya sa duk wanda aka samu da ɗaya ake duba masa sauran. Ki duba katin awonki ki ga ko an yi miki gwajin ƙanjamau da na tunjere da na ciwon hanta. In ba a yi ba, ki nema. Tunjere musamman tana kashe ɗa a ciki, alhali allurar fenisilin tana maganinta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, tunda an riga an fara dubawa, a duba duka, maigida ma haka.

Ga matan da ba su samu haihuwa ba tukuna kuma suke karanta wannan shafi: cutar tana cikin abubuwan da ake dangantawa da kumburin mahaifa da bututun ƙwai, musamman ga mai ƙanjamau, kuma bututun da ya yi tabo yana iya toshewa. An kuma lura sankarar bakin mahaifa ta fi yawa a cikin matan da suka yi fama da ita. Ba ita ce take kawo sankarar ba, wata ƙwaya ce daban mai suna HPV, amma bakin mahaifar da ya daɗe a kumbure ya fi ba ta wurin zama. Bayan kin haihu kin yi arba'in, Maman Ilham, ki tambayi inda ake gwajin bakin mahaifa a kusa da ku. Tun watan Oktoba na 2023 kuma Nijeriya ta shigar da rigakafin HPV cikin alluran yara, aka fara da 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. In Ilham ta kai tara, ki tambaya mata.

Sai abin da zan roƙe ki ki bari. Matsi kowane iri, da tura yatsa da sabulu a wanke ciki, da zama a ruwan bagaruwa ko kanumfari ko gishiri, da cusa tafarnuwa ko miski, da ɗiga maganin wanke rauni a ruwan tsarki. Na san da niyyar tsafta ake yi, wasu kuma iyaye ne suka koya mana. Amma Allah ya halicci gaban mace da wasu ƙwayoyi masu amfani da suke sa wurin ya kasance da ɗan tsami, tsamin nan kuwa tirikomonas ba ta son sa. Duk wankin ciki yana kwashe masu gadin ne, ya bar mata fili. Ga mai ciki abin ya fi muni, don ana iya tura ƙazanta har bakin mahaifa. Tsarki da ruwa mai tsafta daga waje ya wadatar. Ki sa kamfai na auduga, ki shanya shi a rana. Ki kuma sani ciki da kansa yana ƙara farin ruwa marar wari marar ƙaiƙayi, wannan ba cuta ba ne, kada bayan kin warke ki gan shi ki koma kemis.

Kusan mace ɗaya cikin biyar takan sake kamuwa cikin wata uku da yin magani, yawanci daga mijin da bai sha ba ko ya sake ɗaukowa. Warkewa daga wannan cuta ba ta hana a sake ɗaukarta. Saboda haka ake so a sake gwada mace bayan wata uku ko da ba ta jin komai. Ke lokacin cikinki yana wata takwas, ya yi daidai, za a tabbatar hanya ta yi tsaf kafin haihuwa. Ki sa nas ta rubuta a katinki don kada a manta. In kuwa alamun suka dawo kafin nan, alhali kowa ya sha nasa kuma an kiyaye, ki koma ki faɗa musu dalla-dalla yadda aka sha. Akan samu ƙwayar da take da taurin kai, kuma akwai yadda likita yake sauya awon maganin.

Yau da dare, bayan kin ci tuwo, ki sha ƙwayar farko. Maganar maigida kuma ki bari sai ya ci ya huta, yara sun kwanta, ba a gaban kowa ba. In kin ga bakinki zai yi nauyi, ki miƙa masa wannan shafin ya karanta da kansa. Malam, in kai ne kake karantawa, ina gaishe ka. Ƙwaya biyar ce ta miligiram 400 galibi ake ba namiji, a sha sau ɗaya da kofin ruwa, sai haƙurin mako guda, sai kuma ka raka ɗaya iyalin taka asibiti.

Maman Ilham, idan kin cika kwana bakwai ɗin ki sake rubuto mini, ina son in ji yadda kuka ƙare da mutanen gidan. Allah ya sauke ki lafiya.